Ko Ya Kamata Mai Ƙaramin Ƙarfi Ya Biya Kuɗi Domin Jin Waƙa?

Da kakar 2024, bayan an gama kakkaɓe riɗi, wani matashin magidanci daga cikin masu bi na nan Kiyako ya yi mini sallama da yamma. Yana cikin mawaƙan ekklesiyarmu, muryarsa kuwa kyauta ce daga wurin Allah. Da muka gaisa sai ya ce, "Baba Fasto, shawara na zo nema. Za a yi babban taron waƙoƙin bishara a Jos cikin watan Disamba, ina so in je. Buhun riɗi biyu gare ni. Na ce zan sayar da ɗaya in yi guzuri, uwar yara ta ce sam, ɗaya na kuɗin makarantar yara ne, ɗaya kuma na taki. Na ce mata ai ba gidan rawa za ni ba, yabon Allah za ni ji. Yau kwana uku ba mu shan inuwa ɗaya. Shin zunubi ne in je?"

Na ce masa, "Ɗana, zuwan ba zunubi ba ne. Amma zauna tukuna, gama tambayar da ka yi ta fi yadda ka ke tsammani girma."

Na sani ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Tarurrukan waƙa sun yi yawa yanzu a Kano da Kaduna da Jos, labarinsu kuwa yana iso mu har ƙauye ta cikin waya. Saboda haka na ga ya yi kyau in rubuta abin da muka tattauna, ko ya amfani waɗansu masu karatu.

Waƙa ba kayan banza ba ce

Bari in fara da 'yan'uwa masu tsimi, waɗanda su ke cewa duk kwabon da aka kashe a kan waƙa an zuba shi a rijiya. Ban yarda da su ba, Littafi Mai Tsarki kuma bai goyi bayansu ba. Sarki Dawuda ya keɓe Lawiyawa 4,000 domin su yabi Ubangiji da kayan kiɗa, a cikin mawaƙa kuwa akwai gwanaye 288 waɗanda aka horar (1 Tarihi 23:5 da 25:7). Mutanen nan ba iska su ke ci ba, jama'a ce ta ɗauki nauyinsu. Sa'ad da baƙin ciki ya kama Sarki Saul, molon Dawuda ne ya kan sanyaya masa zuciya. A misalin ɗan nan da ya ɓace ya komo, abin da wansa ya fara ji da ya kusato gida kiɗa ne da rawa, uban kuwa shi ya sa a yi.

Ko a ƙasarmu ma shaida tana nan. A duwatsun Birnin Kudu, inda zanen shanun nan na mutanen dā ya ke, akwai duwatsu waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. A 1955 Bernard Fagg, na gidan kayan tarihi na Jos, ya lura da su, daga baya ya sanar da duniya. Wuraren da a ke bugawa sun lotsa saboda yawan bugu. Ku duba fa: mutanen da ba su da naira, ba su da lantarki, waɗanda yunwa ta fi kusa da su fiye da mu, sun sami lokaci su nemi kiɗa har a jikin dutse. Mutum ba jaki ba ne da za a ce dusa da ruwa sun ishe shi. Talaka ma yana da zuciya, watakila ma shi ya fi mai arziki bukatar abin da zai faranta mata, gama nasa nauyin ya fi yawa.

Ku tuna kuma da abin da ya faru a Betanya (Yohanna 12). Maryamu ta zuba wa Ubangiji turare wanda kuɗinsa ya kai dinari 300. Dinari ɗaya ladan ma'aikaci ne na yini guda, watau ta zubar da ƙwadagon kusan shekara ɗaya cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda ya yi gunaguni a kan ɓarna Yahuza ne, Yesu kuwa ya kāre matar. Ashe ba kowane abin da ba ya shiga ciki ne ɓarna ba.

Mawaƙi ya cancanci ladansa

Waɗansu kuma su kan ce, "In waƙar Allah ce, don me a ke karɓar kuɗi a ƙofa?" Amsar tana cikin Nehemiya 13:10. Da Nehemiya ya komo Urushalima ya tarar an daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, Haikali ya yi shiru. Bai tsauta wa mawaƙan ba, shugabanni ya tsauta wa. Mawaƙi yana da iyali. Wanda ya shirya taro zai biya hayar fili, da lasifika, da man injin wuta, da motar da ta kawo mutanensa. Karɓar kuɗin ƙofa ba sata ba ce.

Amma akwai wani abu da ya sāke wanda ya kamata mu lura da shi. A al'adar ƙasar Hausa, mai hali ne ya kan biya makaɗi, talaka ya ji a kyauta. Sarki yana da makaɗansa, manoma da mahauta da maƙera kowa da nasa. In an yi biki, mai biki ya kira makaɗa, gari duka ya taru. Haka mutane da yawa suka ji kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mai riga ya ba da riga, mai kuɗi ya ba da kuɗi, wanda ba shi da kome ya tsaya a gefe ya sha daɗinsa ya tafi gida. Tikiti kuwa bai san wannan ba. Abin da ya ke karɓa a hannun attajiri, shi ya ke karɓa a hannun ɗan ƙwadago. Ga attajiri kuɗin goro ne, ga ɗan ƙwadago cefanen kwana biyu ne. Domin wannan ne tambayar ta zama ta talaka, mai arziki ba ya yinta.

Mu zauna mu yi lissafi

Ubangiji ya koya mana cewa wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya ƙidaya abin da za ta ci (Luka 14:28). Na ɗauko takarda, na ce wa saurayin nan ya faɗi kuɗin. Ya ce, "Naira 3,000 ne kaɗai, Baba." Na ce, "Wannan na ƙofa ne. Ta sama za ka tashi zuwa Jos?"

Ga abin da muka rubuta a ran nan, bisa ga yadda shi da kansa ya kimanta. Ƙofa 3,000. Mota ta hanyar Ningi, zuwa da komowa, 22,000. Abinci na kwana biyu 6,000. Baiko a wurin taro da ɗan tsarabar yara 5,000. Jimla 36,000, ba mu sa masauki ba domin ya ce zai kwana wurin ɗan'uwansa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsayar a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Watau dare ɗaya zai cinye fiye da rabin watan ma'aikaci. Da ya ga jimlar sai ya yi shiru.

Kowa ya sa nasa lissafin, gama farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma abin lura shi ne, ga mu mutanen ƙauye kuɗin ƙofa shi ne ƙarami, hanya ce ke cin mutum. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta haye naira 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000 a wurare da yawa, kuɗin mota ya bi ta. A Legas akwai babban taron waƙoƙin yabo na dare guda wanda aka fara a 2006 a dandalin Tafawa Ɓalewa, ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Ga mutumin Legas kyauta ne. Ga mutumin Gwaram ko Birnin Kudu kuwa, kyautar nan za ta iya cinye masa tunkiya.

Wane ne zai biya?

Ga zuciyar maganar. Mutane su kan tambaya, "Waƙar ta kai kuɗinta?" Ni ina ganin tambayar da ta fi ita ce, "Wane ne zai biya?" Gama sau da yawa wanda ya miƙa kuɗi a ƙofa ba shi ne ya biya ba.

Zan ba ku labarin kaina, ko da ya ke ba abin fahariya ba ne. Sa'ad da na ke makarantar Littafi Mai Tsarki, an yi wani taron waƙa a birni. Na ɗauki kuɗin abincina na wata na tafi. Ban taɓa jin irin abin da na ji a daren nan ba, har yau akwai waƙoƙi biyu da na koya a can waɗanda na ke rerawa in zuciyata ta yi nauyi. Da na komo aljihu wayam, sai na aika gida cewa kuɗi sun ƙare, ban faɗi dalili ba. Bayan mako guda kuɗi suka zo. Sai da na je hutu na duba turke na ga babu jar akuyar mahaifiyata. Ba ta ce mini kome ba, har ta rasu ba ta tayar da maganar ba. Waƙar ta kai kuɗinta? I, ta kai, har ta fi. Amma ba ni na biya ba. Tsohuwa ce ta biya, ita kuwa ko baiti ɗaya ba ta ji ba, ba kuma wanda ya nemi yardarta.

Turaren da Maryamu ta zuba nata ne. Ba mu karanta cewa ta ci bashi ba, ko ta ɗebi hatsin Marta. Hadayar da mutum ya yi da abin wani ba hadaya ba ce. Buhun riɗin nan da saurayin ya ke kira nasa, matarsa ta yi noma a gonar, ta kai abinci, ta yi sheƙa. Ranar da suka ce na makaranta ne, ya zama na yara. In ya sayar ya tafi Jos, yaron da za a koro daga aji cikin Janairu shi ne ya sayi tikitin.

Kada kuma mu ɓuya a bayan cewa waƙar ta Allah ce. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa waɗanda su kan ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah domin su kauce wa taimakon iyayensu. Manzo Bulus kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, har ya sa shi a bayan marar ba da gaskiya (1 Timoti 5:8). Allah ba ya jin daɗin yabon da aka sayo da hawayen mace. Sunan Yesu a jikin takardar talla ba ya mai da kuɗin makaranta su zama kuɗin mota.

Bashi kuwa ya fi muni. Akwai wani labari da ya kamata kowane Kirista mai son waƙa ya sani. Ran 13 ga Afrilu 1742, a birnin Dublin na ƙasar Ailan, aka fara rera babbar waƙar nan ta George Handel a kan Almasihu a gaban jama'a. Mutum wajen 700 suka biya suka shiga, har an roƙi maza kada su zo da takubbansu domin wuri ya isa. An tara wajen fam 400, aka raba wa asibitoci da masu taimakon fursunoni, da kuɗin nan kuma aka fitar da mutum 142 waɗanda aka kulle saboda bashi. Wannan taron waƙa ne da ya kwance mutane daga bashi. Abin kunya ne a ce namu tarurrukan su ne ke ɗaure mutane da shi. Wanda ya ci bashi ya je kallo, waƙa za ta ƙare da asuba, mai bin bashi kuwa zai yi ta sallama har damina.

Mene ne ka ke saya?

In kuɗin naka ne da gaske, saura tambaya ɗaya. Ka binciki zuciyarka: mene ne ka ke so ka sayo?

Waɗansu ba waƙa su ke saya ba, suna su ke saya. Mun san wannan tun a wurin biki, inda mutum ya kan shiga fili ya yi liƙi domin maroƙi ya ambaci sunansa da na ubansa, ya koma gida ba na cefane. Halin nan ya biyo mu har cikin taron masu bi. Sabuwar riga domin taro, kujerar gaba domin a gan ka, hoto domin Facebook. Annabi Amos ya yi kuka a kan waɗanda ke kwance suna kaɗa molo suna shagali, ba su damu da lalacewar jama'arsu ba (Amos 6). Ba molon ne laifi ba, zuciyar ce. In abin da ke jan ka shi ne kada a ce wane ya je kai ba ka je ba, ka tuna kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

In kuwa muryar mawaƙin kaɗai ka ke so, tana cikin wayarka, tana cikin rediyo, kusan a kyauta. Iyayenmu da yawa a rediyo da kaset suka koyi waƙoƙin da suka riƙe su har tsufa.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai abin da waya ba ta iya bayarwa. Mu masu bi a wannan yanki 'yan kaɗan ne. Yaro ya kan tashi a ƙauye inda majami'a ba ta cika benci goma ba, har ya soma tsammani mu ke nan a duniya. Ranar da ya tsaya a tsakiyar dubban mutane suna yabon Yesu da harshen Hausa, murya ɗaya, wani abu ya kan tsaya a zuciyarsa wanda wa'azi goma ba su dasa ba. Gani ya kori ji. Wannan abu ne mai daraja, ban kuwa ce kada a biya kuɗi dominsa ba. Sai dai irin wannan abinci ba na kowane wata ba ne. Sau ɗaya cikin shekara biyu ko uku ya isa, in an shirya masa. Sashensa kuma yana kusa da mu: taron Zumuntar Mata na gunduma da tulunansu da gorunansu, da ƙungiyoyin Sabon Rai waɗanda ke waƙa a ƙauyuka tun shekarun 1960, da haɗuwar mawaƙan ekklesiyoyi lokacin Kirsimati. Waɗannan keke ma ya kan kai mutum. Kada mu raina su domin ba su da fitilu masu launi. Bulus da Sila sun yi taron waƙarsu da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, ba kuɗin ƙofa, fursunoni suna saurara.

Kalma ga shugabannin ekklesiya

Mu ma muna da namu laifi. Kada ekklesiya ta tara kuɗi mai yawa ta ɗauko mawaƙi daga nesa domin dare ɗaya, alhali gangar mawaƙanta ta yage shekara biyu ba a ɗinke ba. In mun shirya taro, kada mu jera kujeru bisa ga nauyin aljihu, gama Yakubu sura 2 ta hana mu zaunar da mai zoben zinariya a gaba mu tsayar da matalauci a baya. Kada kuma a riƙa kiran sunaye da adadin baiko har mai ƙaramin ƙarfi ya ba da abin da ba shi da shi saboda kunya. Mu komo ga abin kirki na al'adarmu: masu hali su ɗauki nauyi, ƙofa ta zauna a buɗe.

Yadda muka ƙare

Na ce wa saurayin, "Ɗana, je ka ba uwar yara haƙuri, gama ita ce da gaskiya a wannan karo. Amma kada ka kashe marmarin nan, daga Allah ya ke. Ka yi masa asusu." Bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Taron ya zo ya wuce, abokansa biyu suka je suka komo suna ba da labari, na san abin ya yi masa ciwo. Yaransa kuwa ba a koro su ba. Daga baya ya gaya mini ya sayi asusu, kowace ranar kasuwa yana jefa abin da ya samu, matarsa ma ta ce in ya cika da ita za a je. Mawaƙanmu kuma sun yi shawara su riƙa haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya ko biyu, da sharaɗi su komo da sababbin waƙoƙi su koya wa saura. Ta haka kuɗin mutum ɗaya zai zama waƙar ekklesiya duka.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in irin wannan taro ya ja hankalinka, ka yi wa kanka tambaya uku kafin ka nufi tasha. Na ƙidaya kuɗin duka, har da hanya da kwanakin aikin da zan rasa? Kuɗin nan nawa ne, ko akwai wani a gida wanda zai biya ba da saninsa ba? Me zan komo da shi wanda zai amfani gidana da ekklesiyata? In ka amsa ukun nan a gaban Allah da gaban matarka ba tare da sunkuyar da kai ba, sai ka tafi da farin ciki, ka buɗe baki ka yi waƙa, kada kowa ya kira ka maɓarnaci. In kuwa ba ka iya ba, ka haƙura bana. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka tara iyalinka da dare a tsakar gida, ku buɗe littafin waƙoƙi ku rera. Wanda a ke yabo a Jos yana ji a Kiyako.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe abin da ya danƙa mana da aminci, ya kuma sa waƙa a bakinmu, ko da wadata ko da rashi. Amin.